Wankin da na yi wa robar Baba

Matso kusa in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. Wata Alhamis ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyu, aji na ƙarshe da na yi. Inna na daka a tsakar gida, rana ta take, ni kuma ina tsugune gindin rumbu da ƙwaryar ruwan zafi da sabulun salo, ina dirzar wasu baƙaƙen sanduna goma sha biyu, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Ina dirza ina waƙa, don a ganina aikin lada nake yi.

Babanmu mai gyaran agogo ne a Sabon Birni, amma abin da ya fi so a duniya shi ne feƙe alƙalamin ruwa, irin wanda ake ɗura wa tawada. Yana da ɗan injin da yake juyawa da igiya, ya ɗaure sandar roba a kai, ya riƙa shaftar ta da wuƙa har ta yi sumul tana ɗaukar ido. Malaman makaranta daga Isa har Tsamaye suna aiko masa. Robar ba irin ta bokiti ba ce. Mai tauri ce, daga gidan tsohon batirin mota ake yanko ta, kuma ba ta samuwa a wajenmu. Baffa Mamman direba, amininsa tun suna yara, shi ke bin garejin Maraɗi yana nemo masa, ya sa a yanka a ƙunsa. Baba yakan goga sanda a hannun rigarsa har ta yi ɗumi, ya shinshina, in ta yi warin ashana sai ya ce, "Wagga ta ƙwarai ce." Sannan ya shafe sandunan da man keken ɗinki, ya naɗe da baƙin ƙyalle, ya sa cikin tukunya ƙarƙashin gado. Ni ban taɓa tambayar dalili ba.

A wancan karon Baffa Mamman ya kawo ƙunshin daidai lokacin da aka aiko da rasuwa daga Kurawa. Baba bai ko kwance shi ba, ya jefa a tukunya ya tafi. Ni da ke shara na buɗe, na ga sandunan duk sun yi furu-furu da garin zarto. A gidanmu kuwa duk abin da ya yi datti wanke shi ake yi, duk abin da aka wanke a rana ake shanya shi, ƙwarya ce ko tsumma ko kuɓewa. Da na gama wanke su, na hau wani tsohon turmi na jera su kan rufin akurkin kaji, inda Inna ba ta kallo. Muka shiga wasan carafke da 'yar gala-gala da 'yan uwana, na manta da su sai da suka kwana uku. Da na sauko da su, baƙin nan ya tafi. Sun koma wani kore-kore ja-ja, kamar busasshen kashin shanu. Na mayar da su yadda na same su, na rufe tukunya.

Ranar da Baba ya kwance ƙunshin, Baffa Mamman na zaure yana shan fura, ni ce ma na kai masa. Baba ya fito ya zube sandunan a tabarma.

"Mamman, mi ka kawo min?"

"Wallahi Malam, baƙaƙe ƙirin na ƙunsa su."

"To aljanu sunka rina su ke nan? Bisa mota ka bar su rana na dukansu, ka hwaɗi gaskiya."

"Shekara nawa ina kawo ma, yau ni ka yi ma ƙarya?"

Ina tsaye bayan zana, ludayi a hannuna. Kalma uku ce kawai: ni na wanke. Na buɗe baki, sai na tuna dorinar da ke rataye a ƙusa, na rufe. Baffa Mamman ya ajiye ƙwaryar da sauran fura a ciki, ya sa takalmansa. Da zai wuce har ya dafa kaina ya ce, "Luba, Allah shi yi miki albarka." Wannan albarkar ita ta fi duka yi mini ciwo.

Robar ba ta ma lalace ba. Da Baba ya shafce bayanta, cikin baƙi ne wuluk, alƙalamai goma sha biyu ya fitar. Amma magana ta riga ta fita, kuma dukansu biyu masu zuciya ne. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa wajen jana'iza, sai dai motar ba ta ƙara tsayawa ƙofar gidanmu ba. Da roba ta ƙare, Baba ya rataye igiyar injin, ya koma agogo kaɗai har ya rasu.

Yanzu biro ake saye a jefar, jikokina ba su san akwai abin rubutun da ake ɓoye wa rana ba. Baffa Mamman na nan da ransa a Isa, an ce idanu sun tafi amma kunne garau. Kullum sai in ce gobe za ni. In kai ne, tsoho ya miƙo hannu ya ce wace ce, da wace kalma za ka fara?