Ranar da Injin Niƙa Ya Ceci Gasarmu

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya taɓa ranar da muka kai wasan ƙarshe ɗakin injin niƙa.

A shekarun nan akwai wani wasan yaƙi na waya da ya kama samarin Birnin Gwari kamar zazzaɓi. Ka gina garinka, ka tara dakaru, ka san ta inda za ka ɓullo wa abokin karawarka. Duk ranar kasuwa ana gasa a rumfar wani mai cajin waya, wanda ya kafa talabijin don kowa ya gani. 'Yan Kutemeshi da Damari da Gayam sukan biyo ayarin motocin kasuwa su zo, su koma da rana tsaka-tsaki saboda hanyar dajin nan ba ta yamma ba ce. Ni ban iya wasan ba, gaskiya, yatsuna na riƙon fartanya ne. Amma Allah ya ba ni baki. Ni ne mai sharhi, nakan hau benci in yi ta zuba kirari har muryata ta dushe.

Daɗin wasan na ɗaya shi ne, kowa yana ganin filin duka. Ka yi ihu, ka ba da shawara, ka yi tsiya, ba ka ɓata wa kowa komai ba.

Sai sabon wasan, na biyu, ya fito. Kai, ya yi kyau! Muka yi ta gardama a rumfa ko zai kai na ɗaya farin jini, ni kuwa ina gaba-gaba wajen cewa zai wuce shi. Ashe akwai abin da ban hango ba. A sabon, duhu ne ke rufe filin, ɗan wasa ba ya ganin komai sai inda dakarunsa suka taka. Mu 'yan kallo ne kaɗai muke ganin duka a talabijin. Ranar gasar farko wani ya kasa riƙe bakinsa, ya ce, “Kai, suna bayan dutse!” Nan take wasa ya watse, saura ƙiris a ba hammata iska.

Mai shago, wato mai cajin nan, ya kafa doka: ba magana. Rumfa ta koma kamar ɗakin jarrabawa. Ni da nake cika kasuwa da murya, na koma zaman kurame a kan bencina, abin yana cin raina. Mako bayan mako mutane suka dinga zamewa. Wa zai ratso daji don ya zo ya yi shiru?

“Ka ji ni da kyau,” in ji mai shago wata rana. “Wasan ƙarshe na kasuwa mai zuwa, in rumfar nan ba ta cika ba, zan sauke talabijin in kai wa uwargida. Ta daɗe tana nema.”

Ana saura kwana kaɗan, Inna ta aike ni niƙa. Injin yana jikin rumfar tamu, na wata Mama ce, Bagwariya mai faɗa da kirki. Ina tsaye a gabanta tana yi mini magana, ina ganin bakinta yana motsi amma ko kalma ɗaya ban ji ba. Na yi ihu, ita ma ba ta ji ni ba. Wallahi a nan abin ya faɗo mini, har na kusa zubar da garin Inna.

Da ta kashe inji na zayyana mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ɗana, wato samari biyu za su zauna mini a nan suna latsa waya?”

“Eh, Mama. Ke dai kar injin ya tsaya.”

“In akwai hatsi ba zai tsaya ba. Amma ba na kunna shi babu komai a ciki, haƙoransa za su cinye juna.”

Ranar kasuwa labari ya riga mu fita. Muka zaunar da 'yan wasan a bayan inji, kowa da kusurwarsa: wani bakanike na cikin gari wanda ba a taɓa kayar da shi ba, da wani manomi ɗan Kutemeshi mai sanyin hali. Mama ta tayar da inji. Na haye benci na buɗe murya, “Jama'a, yau baki ya samu 'yanci!” Ihun da aka yi, sai da masu tumatir suka baro kayansu.

Bakanike ya taso da runduna kamar zai haɗiye filin. Shi kuwa ɗan Kutemeshi ya lallaɓa ya ɓoye 'yan kwari da baka a cikin kurmi, gefen hanyar da dole a bi. Mu duka muna gani! 'Yan gari suna tsalle suna “Kar ka shiga! Kar ka shiga!” 'Yan ƙauye suna “Shigo, ango!” Shi bai ji ko ɗaya ba.

Ana cikin haka Mama ta leƙo ta ɗaga mini kwanon da ba komai. Hatsi ya kusa ƙarewa. In injin nan ya yi shiru yanzu, bakanike zai ji komai, kuma na san ba za a sake taruwa ba.

“Wa ke da hatsi?” na kwarma. “A kawo hatsi, inji zai mutu!”

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wani dattijo ɗan Damari, wanda ya tsaya kallo kawai, ya saɓa buhun dawar da ya kawo sayarwa ya nufi ƙofa. Mata suka dinga miƙo ƙullin masara ta saman kawuna. Wata har da waken da za ta yi ƙosai. Mama tana zubawa tana faɗa tana dariya, inji bai ko yi tari ba.

Bakanike ya shiga kurmi. Kibau suka rufe shi ta ko'ina. Ban san abin da na faɗa ba a lokacin, na dai san benci ya karye da ni kuma ban ji zafi ba sai washegari.

'Yan wasan suka fito fari fat da gari tun daga gira har takalmi, suna ƙifta ido, suna mamakin ina wannan taro ya fito. Bakanike ya dubi talabijin ya ga inda aka yi masa kwanto, ya riƙe baki, sannan ya rungume ɗan Kutemeshi, gari ya tashi. Mai shago ya matso kusa da ni ya ce, “Uwargida sai ta ƙara haƙuri.”

Har yau in na ji ana gardama ko sabon wasa zai kai tsoho, murmushi kawai nake yi. Na biyun nan ya fi na ɗaya kyau tun ranar da ya fito, amma sai da ya kusa kashe mana rumfa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kyan wasa ke tara jama'a ba. Mutane suna zuwa ne inda za a bar su su yi ihu tare, kuma in sun samu wurin, ko da dawar cikinsu ce za su tsare shi.