Sista Asabe da ta ba ni kanta na yi mata kitso

Sista Asabe ta rasu. Ina cikin dama kunu da safen nan 'yarta ta bugo min waya, na ajiye ludayin, har yanzu ban koma kansa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku kun san ta a matsayin tsohuwar nas a Azare. Ni inda na san ta ban taɓa faɗa muku ba. Yau zan faɗa, mai gulma ya yi abarsa.

A farkon shekarun casa'in na yi haihuwar fari, ina wankan jego a gidanmu a Bulkachuwa. Bayan suna da 'yan kwanaki kaina ya juye. Na daina barci, na ƙi abinci don gani nake an zuba min wani abu, sai surutai. An yi rubutu, an yi hayaƙi, daga ƙarshe aka sa ni a mota sai asibiti a Azare, ɓangaren masu taɓin hankali. Can na same ta.

Ba mai lallashi ba ce. In ka ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe za ta tsaya a kanka, hannu a ƙugu, har ka ji kunya ka haɗiye. Amma in tana son sanin yadda na kwana, ni take tambaya, ba mai jinyata ba.

Cikin sati uku na fara dawowa hayyacina, sai dai ba wanda ya yarda na dawo. Innata da ke jinyata ta ɓoye wuƙa, ta ɓoye reza, har allurar ɗinki. Jaririyata kuwa daga bakin ƙofa ake nuna min ita. Dangin mijina sun gama shawara: ranar Juma'a za su zo su kai ta Gamawa wurin gwaggonta, ta girma a can.

Ranar Laraba likita ya ce wa Inna ba laifi a ba ni jaririyar. Inna ta ce to, ta ƙara tamke goyonta.

Ban ga laifinta ba. Ni kaina tsoron hannuna nake ji.

Ranar Alhamis da hantsi Sista Asabe ta shigo, ta zauna a ƙasa gaban gadona, ta cire farar hularta. Ta zaro kibiyar kitso daga aljihu, ta ƙarfe, mai tsini, ta miƙo min.

"Hadiza, an ce kin iya shuku. Yi min, ina da biki jibi."

Inna ta miƙe zumbur. "Sista, ki rufa mana asiri!"

"Inna, zauna. Kaina ne ai, ba naki ba."

Ta juya min ƙeya.

Saboda maganin da nake sha, tsaga tana ta karkacewa. Ita kuwa sai labarin awakin maƙwabta da suka cinye mata zogale take ba ni. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Mun fi awa biyu a haka, Inna tana tsaye, idonta a kan kibiyar. Can jaririyar ta fara kuka, Sista ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inna, uwarta take nema. Saura layi biyu."

Da na gama na mayar mata da kibiyarta. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance goyon, ta ɗora min 'yata a cinya. Na yi kukan da ban yi ba tun da aka kawo ni.

Washegari mutanen Gamawa suka zo, suka koma ba ita.

Bayan an sallame ni, in mun haɗu a kasuwa ko gidan biki ba ta taɓa fara gaishe ni ba. Abin ya yi min ciwo, har na yi mata ƙorafi. Ta ce, "In na fara gaishe ki, tambayarki za a yi inda kika san ni."

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallar da ta wuce ne, a gidanta. Ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Na yi mata tambayar da na shekara talatin ina riƙe da ita.

"Sista, ranar nan ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji mana. Sai da na yi addu'a a bakin ƙofa. Amma in ban ba ki ƙeyata ba, da wane baki zan ce a ba ki 'ya?" Ta yi dariya har da tari. "Ba wani biki da nake da shi. Kitson kuwa ban taɓa ganin mummuna irinsa ba. Sati biyu na bar shi a kaina don Innarki ta riƙa gani."

Ya Allah, baiwarKa Asabe ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka ba ta aminci a ranar tsoro, Ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya haɗa da waɗanda ke kwance a irin wancan ɗakin yau. A hannuna 'yata ta girma har na kai ta ɗakin miji, kuma wannan baiwar Allah ce sila.