Shatin Haƙori a Jikin Rimot

Har gobe Mai Agogo ake ce masa, alhali rabonsa da buɗe bayan agogo, shi kansa sai ya yi dogon tunani. Sunan ya manne masa ne tun zamanin da yake zama a bakin titi da ɗan akwatinsa na gilashi, madubi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da numfashi kaɗai kan iya ɓatar da su. Wajen kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun ba mai yawan magana ba ne, amma abu ɗaya ya dasa masa a ka: kada ka kuskura ka buɗe kayan mutum sai ka ji labarin ciwon daga bakinsa.

Sai wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar murus. Kowa ya koma ciro lokaci daga aljihu. Mai Agogo ya wuni yana goge gilashin da babu wanda ya taɓa, ya koma gida ya ce wa matarsa kasuwa sai godiya.

Mai wayarin na garejin da ke bayansa, wato mai gyaran wutar mota, shi ne ya tsamo shi. Wani dogon mutum ne mai manyan hannaye, wanda ko gaisuwa a taƙaice yake yin ta. Ya zo neman ɗan fale-falen batirin nan domin rimot ɗin motar wani. Aka sa, rimot ya ce bai san zance ba. Mai Agogo ya ce a ba shi ya gani. Ya ɓare shi, ya sa hantsaki ya ciro dauɗar da ta daskare a ƙarƙashin maɓallin, ya goge, ya mayar. Aka danna, mota ta amsa daga can cikin gareji.

Mai wayarin ya dubi yatsunsa, ya dubi na Mai Agogo.

"Kwaso komatsanka ka dawo ciki," ya ce. "Nawa yatsun sun yi wa aikin nan kauri."

Ya ba shi lungu kusa da taga, da tebur, da wurin jona wuta. Ya kuma koya masa ɓangaren mota: inda fis yake, yadda ɗan injin cikin ƙofa ke jan sakata, wayoyin da ke bi ta robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota, masu karyewa a ɓoye saboda yawan buɗewa da rufewa, da akwatin da ke karɓar saƙon rimot, wanda Mai Agogo ya raɗa wa suna kunnen mota. Bai taɓa yi masa gori ba, ko da wasa. Shi kuwa Mai Agogo bai iya godiyar baki ba, sai dai ya sa shi a addu'a, daga iyayensa da kawunsa sai shi. Da lungun nan ya ciyar da gida, ya rufe ɗakin da ke yoyo, ya ga yaransa sun zama mutane.

Masu mota sukan zo da ciwon da maganinsa a baki ɗaya. Wani ya ce batir ne, a canza masa. Wani ya ce an gaya masa ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Shi dai sai ya nuna musu benci. Yaushe ya fara? Daga nesa yake ƙi, ko har a kusa? Duk ƙofofin ne ko ɗaya? A ko'ina yake ƙi, ko sai a ƙofar gidanka? Yana da ɗan'uwa a gida, shi yana yi? Ya taɓa shiga wanki a aljihun wando? A wannan ta ƙarshen maza suka fi rantsuwa, a nan kuma aka fi kama su, domin ƙamshin sabulu ba ya ɓuya. Mai faci, maƙwabcinsu, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce ko alƙali bai kai Mai Agogo tambaya ba. Amma shi ma ya san kafin mutum ya tashi daga bencin nan, rabin aikin ya ƙare.

Sai hannun dama ya fara rawa.

Da fari kaɗan-kaɗan ne, sai ya ɗauki hantsaki yake ji. Ya ɗora wa yunwa, ya ɗora wa shayi, ya ɗora wa sanyi, rawar ba ta fasa ba. Tambaya da gwaji da mita ba su gagare shi ba. Liƙi da dalma ne ya zama masa tashin hankali, domin ƙarfen liƙi ba ya yafiya. Ka kauce kamar silin gashi, ka haɗe ƙafafu biyun da bai kamata su haɗu ba, rimot ɗin mutum ya mutu a hannunka. Ya koyi ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. Ba yunwa yake tsoro ba, yara sun kawo ƙarfi. Ranar da mai wayarin zai zo ya tsaya a kansa, cikin kunya da ladabi, ya ce masa ya je ya huta, ita yake tsoro. Ya taɓa zaman banza a rayuwarsa, ya san ɗacinsa.

Ana cikin haka mai burodi ya faɗo garejin da hantsi, gumi shaɓe-shaɓe. Shi ne mai raba burodi shago-shago a bayan wata tsohuwar mota. Ramin makullin ƙofar motar ya daɗe da lalacewa, rimot kaɗai ke buɗe masa, rimot ɗin kuma ya fara yi masa wulaƙanci. Ran nan ma motar ta kulle da burodi a ciki, a rana, masu shago na ta kiransa, da ƙyar ta buɗe.

"Baba, na canza batir har na gaji. Wani ya ce sai an kwance gaban motar gaba ɗaya. Don Allah kar ka ce min haka."

Mai Agogo ya sa shi ya shiga ya danna maɓallin kullewa na jikin ƙofar direba. Sakatun suka faɗa tare, suka tashi tare. To, fis lafiya, injinan ƙofa lafiya, wayoyi lafiya. Saura rimot da kunnen mota. Ya ɗora mita a kan batir, ya ga da ransa. Ya danna rimot, 'yar jar fitilarsa ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da ya juya shi a tafin hannun hagu, sai ya ga robar duk ta lotsa, shati-shati, sama da ƙasa.

"Akwai kare a gidanka?"

"Babu."

"Yaro mai fitar da haƙori fa?"

Mai burodi ya sosa ƙeya, ya waiga ya ga ko mai faci na ji. Mai faci kuwa tuni ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya baza kunne.

"Ni ne, Baba. In na ɗauko faranti da hannu biyu, a baki nake riƙe shi. Wata rana ya ƙi, haushi ya sa na gantsara masa cizo, sai na ji mota ta buɗe. Tun daga nan, in ya ƙi sai in cije shi. To yanzu cizon ma sai na dage."

"Burodin ne bai ishe ka ba, ka koma cin mota?" in ji mai faci, yana riƙe ciki.

Gareji ya ɗauki dariya, ban da Mai Agogo. Shi ya riga ya gane, abin da matsawa ke tayarwa, tsagewa ya yi. Ya ɓare rimot ɗin, ya maƙala madubi a ido. Ga ta nan kuwa. Ƙafar da ke riƙe batir ta rabu da ɗan koren allon, tsaga siririya, cizo ne ke haɗe bakinta, yawu kuma ya bar tsatsa a gefe. Aikin ɗigon dalma ɗaya ne. A da, kafin mai burodi ya gama sosa ƙeya an wuce wurin.

Ya jona ƙarfen, ya jira ya yi zafi, ya ɗauka. Bakin ƙarfen ya shiga zane a iska. Ya riƙe numfashi, ya tallafe hannun da na hagu, abin ya ƙara tsananta. Dalmar ta narke ta ɗiga a kan tebur, dab da allon. Ya zare wutar.

"Ka zo gobe da safe. Yau kar ka kulle ta."

"Ba a gano ba ne, Baba?"

"An gano."

Tun kafin la'asar ya kama hanyar gida, abin da bai saba ba. Matarsa na tsakar gida a kan keken ɗinkinta. Tela yake ce mata tun suna da ƙuruciya, da tsokana aka fara har ya zama suna. Ya amsa sannu da zuwanta a tsaye, ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Ya zazzage matattun rimot daga aljihu a kan kujera 'yar tsugunno, ya jona ƙarfe, ya shiga gwadawa a kansu ko hannun zai ji kunyarsa. Ko alama. Can sai ya ji keken ya yi shiru.

"Malam, me ke ƙonewa?"

"Ba komai. Aiki ne."

"Yau kuma garejin ne ya biyo ka gida?"

Ta shigo, awon ɗinki rataye a wuya. Ta dubi allunan da dalma ta yi wa dumu-dumu, ta dube shi.

"Fito da shi."

"Da me?"

"Hannun. Ka zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai."

A hankali ya zaro shi ya ɗora a gwiwa, yana ta rawarsa, babu ruwansa da sirrin kowa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Dubi gaban rigarka."

Ya sunkuya. Maɓallai ne manya-manya, irin na kwat, ramukansu a buɗe.

"Ka zaci girma suka yi da kansu? Tun da na ga kana juya min baya da safe kana kokawa da su, na bi rigunanka ɗaya bayan ɗaya na canza. Kai da ke wuni da maɓallan mutane, ba ka ga na ƙirjinka ba."

Kunya ta fara kama shi, sai wani abu mai ɗumi ya ture ta. Watanni yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, ashe ba shi kaɗai ba ne.

"Me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka kawo da kanka. Ba kai ne ba ka buɗe kayan mutum sai ya ba da labari ba?"

Sai ya ba ta labarin, tun daga hantsaki har ɗigon da ya faɗa a tebur, har tsoron ranar da za a ce masa ya huta. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta jawo tabarma ta zauna.

"Asibiti za mu je, wannan ba shawara nake ba ka ba. Yanzu kuma miƙo min ƙarfen nan."

"Ke? Tela, wannan ba ɗinki ba ne."

"Har yau ba da tabarau nake zura zare a allura ba. Miƙo."

Na farko ta tara dalma tsibi guda. Na biyu ta ƙona roba, ɗaki ya cika da wari.

"Ƙafar za ki ɗumama, ba dalmar ba! Ita zafi take bi!"

"In tsawa za ka yi, karɓi abinka."

Ya kama bakinsa. Ta ƙone a yatsa, ta sa a baki, ta ci gaba. Kafin rana ta sauka daga katanga, ɗigonta ya fara fita ƙarami, mai sheƙi, irin wanda kawunsa kan kalla ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro na mai burodi. Ya goge tsatsar da hannun hagu, ya maƙala madubi, ya kawo kansa kusa da nata.

"Ɗora. Dakata. Kawo dalmar. Ɗaga!"

Ta ɗaga. Ya mayar da batir, ita ta rufe murfin. Ya shafi maɓallin da ɗan yatsa, shafa kawai, jar fitila ta kama.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

"Amin. Tashi ka buɗe taga, ka cika min ɗaki da wari."

Washegari mai burodi ya riga kowa zuwa. Da Mai Agogo ya iso ya miƙa masa rimot ɗin, sai ya tsaya tun daga bakin gareji ya danna, mota ta amsa. Ya ƙara matsawa baya har tsakiyar titi ya danna, ta amsa. Ya dawo a guje, ya cafke hannun daman Mai Agogo da hannu biyu, ya ɗaga shi sama.

"Baba, Allah ya bar mana hannun nan!"

Sai murnar ta tsaya a fuskarsa, domin ya ji abin da ke motsi a tafinsa. Mai wayarin na nan kusa, kansa a cikin gaban wata mota. Mai Agogo na iya fizge hannun ya tura aljihu, a wuce wurin da dariya. Bai fizge ba.

"Ba shi ya yi ba," ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji. "Ni na gano, uwar 'ya'yana ce ta liƙa. Wannan ya daɗe yana rawa. Ba zan iya riƙe ƙarfe ba kuma."

Mai faci ya sunkuyar da kai, ya koma kan tayarsa.

Mai wayarin ya ɗago. Ya goge hannayensa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya tako ya tsaya a kan teburin, daidai yadda Mai Agogo ya sha gani a ransa. Ya laluba aljihu, ya ciro wani rimot ya ajiye a gabansa.

"Na jar motar can ne. Ƙofa ɗaya take ƙi, kuma sai in an yi ruwa. Na rasa kanta tun jiya. Ka duba min." Har ya juya, ya waigo. "In akwai liƙi, ka kai mata. Ka ce ina gaishe ta."

Mai Agogo ya ɗauki rimot ɗin da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai muryar ma ta kama rawa.