Ja da Shuɗi

Farkon shigata dillancin motoci a Garwa, wani mahauci ya zo gwada motar da aka kawo mini daga Turai. Na kunna masa kilim, wato na'urar sanyaya mota, na murɗa makunnin zuwa ja, don a ganina ja ne ƙarfi. Iska ta fito kamar daga tanda.

Ya ce, "Alhaji, mota na zo saya, ba banda za ka yi da ni kamar kifin Lagdo ba."

Na sa aka ƙara gas, zafin bai ragu ba. Dole na karya farashi. Wa ya san ana ƙera mota da abin ɗumama jiki?

Muna gama ciniki ya shiga, ya mai da makunnin kan shuɗi, ya ɗaga gilashi, ya tafi yana dariya.