Ba Kyamara Ce Ta Kashe Midhat Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 14 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Kyaftin Midhat Abul-Makarim a gaɓar tekun garin Kusair. Wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa na otal ya shigo da gudu cikin wurin da aka killace wa masu nutso, farfelarsa ta same shi yana tasowa daga ƙasan ruwa.

Midhat, Abu Rihab, ni da muka yi shekaru muna nutso tare, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi. Na kasa. Ba a gama zaman makokinka ba, manajan otal ɗin ya fara gaya wa mutane wai sabuwar kyamararka ce ta ɗauke maka hankali, wai ta yi maka nauyi ka taso inda bai kamata ba. Ina bayanka a cikin ruwa a ranar. Da idona na ga ka tura jan balan-balan na alama sama, ka tsaya ka jira kamar yadda ka koya mana. Direbansu ne bai duba ba, yana ta juya jirgi don baƙinsa su yi ihu.

Su ba su san yadda kyamarar nan ta zo hannunka ba. Shekara da shekaru kana fama da wata 'yar ƙaramar kyamara kamar sabulu, duk hoton da ta ɗauko shuɗi ne. Muna yi maka dariya a wurin shan shayi, kana cewa mu bar ta, ba ta taɓa yi maka ƙarya ba. Da ita ka ɗauki kunkurun da ya maƙale a tsohuwar koma, ka bi masunta gida-gida kana nuna musu, ba zagi ba faɗa, har suka daina yar da komarsu a ruwa.

Mahaifiyarka Hajja Nawal ce ta sa ka canja. An haife ta a bakin teku, ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Ta dubi hotunanka wata rana ta ce, "Ɗana, kullum kana cewa murjanin ja ne. Ni dai shuɗi nake gani." Ka yi mata bayani cewa ja yana ɓacewa idan an yi zurfi, sai da fitila yake dawowa. Ta ce to ka nemo fitilar.

Ka sayar da babur ɗinka ka sayi babbar kyamara, da akwatinta mai hana ruwa shiga, da fitilu biyu. Ba ka yi gaggawar kai ta zurfi ba. Duk hunturun bana kana inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kana koyon riƙe ta, kana ƙara dalmar daidaita nauyi kana ragewa, har ta daina rinjayarka. Hotunan farko duk ƙura ce fara fat, ka yi ta gyara zaman fitilun ba ka gaji ba. Ranar da ka kai wa Hajja hoton murjani ja wur, ta daɗe tana shafa shi da yatsa, sannan ta ce ashe gaskiya kake faɗa mata.

Irin wannan mutum ne ake so mu yarda ya yi sakaci. Jiya masu otal ɗin sun aiko wani ya ce mini ƙaddara ce, in yi haƙuri kada in kori baƙi daga garin. Na yarda da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta tuƙa jirgi. Na je gaban mai gabatar da ƙara na faɗi abin da na gani, kuma ko sau nawa aka kira ni zan koma. Jirgin nan yana kan ruwa yau, da direbansa.

Allah Ya jiƙanka, Abu Rihab, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ya ba Hajja Nawal da matarka Sausan da 'yarka Rihab haƙurin wannan rashi. Waɗanda suka kashe ka kuma suka ɗora maka laifi, Allah Ya hana su barci har sai sun faɗi gaskiya. Amin.