Kan Rago a Gaban Toktobek

Yayana Toktobek makiyayi ne, kuma tun yana yaro yake in'ina. A ƙauyenmu na bayan garin Naryn kowa ya sani, idan harshensa ya sarƙe, shayinka zai huce kafin ya saki. Bai taɓa damuwa ba, don babban yayanmu Asanbek shi ne bakin gidan. Duk taro shi ake ajiye wa kan rago, shi ke sa albarka, kuma ba mai kai loma baki sai ya gama.

Sai Asanbek ya rasu, saura wata uku bikin 'yarsa Burul. Girma ya faɗo kan Toktobek.

Sagyn, ɗan baffanmu mai bakin tsiya, ya ce, "Yaya, bar mini sa albarkar kawai. Kafin ka kai amin kitse ya daskare a kwano."

Burul ta dubi Toktobek ta ce, "Baffa, in ba kai ba, a bar shi."

Wata likita a Naryn ta koya masa dabara: ya saki numfashi, ya fara a hankali, yana buga yatsa a cinya. Kullum da asuba, ko ƙanƙara ake, yana cikin garke yana sa wa tumaki albarka. Wallahi tumakin nan sun sha addu'a! A wata na uku har ya daina tuntuɓe.

Ranar biki ɗaki ya cika da dangin ango. Aka ajiye kan rago a gaban Toktobek, kowa ya ɗaga tafukansa. Nan na gane matsalar. Mai sa albarka hannu biyu yake buɗewa, mu kuwa ko ɗaya bai tuna ba. To da me zai buga?

Ya fara lafiya. Da ya zo kan sunan marigayi, sai ya maƙale. "A... A..." Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na ɗiga daga hularsa. Sagyn ya gyara murya zai karɓa. Na watsa masa harara, saura kaɗan in jefe shi da kwano.

Sai na ga gefen shimfiɗar abinci yana motsi. Babban yatsan ƙafar Toktobek ne, ya leƙo ta hujin safa, yana bugun ƙasa. Ya saki numfashi.

"'Yar Asanbek," ya ce, sarai. "Ubanki bai zo ba, ni ya bari. Allah ya sa gidan da za ki ya zame miki gida."

Aka shafa. Burul ta kifa fuska a kafaɗarsa tana kuka. Naman ya yi sanyi, Sagyn ne ya fara cewa a miƙo masa.