Kajin Iya Saratu da Masarar Kaka

Ku matso, tunda kun ce sai na ba ku labari kafin a kawo abinci. A duk shekarun da na yi a sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da kaji suka kusa kashe aure a wani ƙauye kusa da Gozaki.

Lokacin ina ƙaramar malamar dabbobi, aikina zagayen gidaje: in ɗiga wa kaji maganin rigakafi a ido, in duba awaki, in koya wa mata kiwo. Watan Nuwamba ne, kaka ta kankama. Sai ga wani magidanci mai suna Bitrus ya faɗo ofis yana haɗa gumi. Ya ce kajin mahaifiyarsa, Iya Saratu, an daɗe ba a ga ƙwansu ba. Tsohuwa ta kafe a kan kaji na yin ƙwai, matarsa Rifkatu ce ke kwashewa, tunda ita ke buɗe akurki da safe, ga ta kuma da juna biyu, wai kwaɗayin ciki ne. Rifkatu ta ce ba ta zama gidan da ake kiranta ɓarauniya. Ta ɗaure kaya, yayanta na zuwa ɗaukarta da la'asar.

Shugaban sashenmu ya dube ni yana dariya, ya ce tun yaushe muka koma alƙalai. Na ce ranka ya daɗe, ai kaza ce shaida, kaza kuwa tamu ce. Ya ce in je, amma in shaida ta ƙi magana kada in ambaci sunansa. Wallahi ɗoki ya cika ni, domin irin aikin nan nake so, ba zaman tebur ba. Na tari ɗan acaɓa muka bi bayan Bitrus.

Da sallama na fara neman wurin taka ƙafa. Masara ce shanye ko'ina a tsakar gida, a shekarar ta yi kyau ta ce ku zo ku gani. Rifkatu na zaune a ƙofar ɗakinta kusa da ƙunshin kayanta, ido ya yi jajir. Iya Saratu kuwa 'yar guntuwa ce, amma bakinta ya fi ta tsawo. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta nuna mini kajin.

"Malama, dubi yadda suke sheƙi. Lafiyarsu lau. Ciwon ba a akurki yake ba."

Na ce to, Iya, bari dai in yi abin da ya kawo ni. Ku sababbin ma'aikata ku riƙe tsarin nan, ba a tsallake shi. In an ce kaza ta daina ƙwai, a fara duba ko kwanci take so, domin mai kwanci ba ta saka sabo. A duba ko zubar da gashi take yi, ko tsufa ya cim mata. A ɗaga fiffike a nemi ƙuma da ƙwarƙwata. A leƙa kaskon ruwa, a dubi kashinta, a tambaya ko muzuru ko shaho ya firgita su. Sannan a leƙa ƙarƙashin rumbu da bayan danga, ko ta canja wurin saka. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, har rarrafe na yi a gindin rumbu da sabon zanina. Babu ko ɗaya.

Nan fa na ga matsala. In na buɗe baki na ce kaji lafiyarsu ƙalau, to na sa hannu ke nan a kan hukuncin Iya. Ina jin idon Rifkatu a ƙeyata.

Sai na ce a kamo mini babbar cikinsu, wata ja. Ina ɗaga ta na ji hannuna ya yi ƙasa, nauyi kamar na ɗauki agwagwa. Na kifa ta na laluba bayanta. Akwai ƙasusuwa biyu a gefen mafitar ƙwai. Kazar da ke saka, yatsu biyu ko uku na shiga tsakaninsu. Wannan ko ɗaya da ƙyar, kuma cikin ya yi tauri, kitse ne danƙam. Na kama ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na ɗaga kai na ga sauran kwance a cikin masara, suna ci ba ko miƙewa. Kai jama'a, sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka!

Na danne murnata na tambayi Iya me suke ci. Ai sai ta gyara tsayuwa tana alfahari. Ta ce tun da aka fara kawo amfani gida ta toshe kafar danga, ba za a ce kajinta na tonon juji ba alhali Allah ya ba su. Masara safe, masara yamma, ga ta shanya kuma ba mai korarsu.

Na ce Iya, kajinki ba su yin ƙwai, kuma ba wanda ya ɗauka. Masara zalla kitse take sa wa. Ƙwai kuwa yana son ƙwari da gara da ɗanyen ganye, da abin da zai yi ɓawo, duk abubuwan da suke samu a jujin nan da kika hana su. Na sa aka aro wata ramammiyar kaza a maƙwabta, na kama hannun tsohuwa na ɗora a bayanta: yatsu uku suka shige. Na mai da hannun kan tata, ɗaya ya ƙi. Ta zare hannunta ta goge a zani.

"Yatsa ba ido ba ne, Malama."

Ta juya ta ce wa Bitrus ya kira maƙwabcinsu Musulmi ya yanka jar nan, don ni ma in ci. In an sami ƙwai a cikinta, magana ta ƙare. Ba na ɓoye muku, na tsorata. Na san aikina, amma kaza ba ta karanta littafinmu ba. Ƙwai ɗaya tak ya isa ya tura yarinyar nan gidansu da sunan sata.

Iya da kanta ta fige, da kanta ta farke ciki, kowa ya yi cirko-cirko a kanta. Kitse ne rawaya, dam, ya lulluɓe hanji da hanta. Inda ya kamata a ga ƙwayaye manya da ƙanana a jere, sai 'yan mitsi-mitsi kamar tsabar gero. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da na zo aikin hukuma. Bitrus ya zauna daɓas a kan turmi. Rifkatu ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Iya ta daɗe tana juya kitsen da yatsa. Ana cikin haka yayan Rifkatu ya yi sallama, babur ɗinsa na waje bai ma kashe ba. Tsohuwa ta ɗago.

"Kashe abin nan ka shigo ka jira miya. Ba inda za ta."

Kafin miya ta nuna na tsara musu abin yi: a ɗauke shanya daga gaban kaji, a buɗe kafar danga, a rage masara a haɗa da dusa da zogale, a cika tukunya da kara a kifa a kan suri a samo musu gara, a ƙona ƙashi a daka. Bayan 'yan makonni kuwa suka dawo da ƙwai. Amma abin da ya tsaya mini shi ne rabon naman. Kun san ƙundu na maigida ne, ba mai taɓa shi. Iya ta tsamo shi da ludayi, ta wuce kwanon Bitrus yana kallo, ta taka har ƙofar ɗaki ta sa a kwanon Rifkatu. Ta ce, "Ci, 'yata." Iyakar ban haƙurin ke nan, kuma ya isa, domin kafin in tafi na ga ƙunshin kaya ya koma ciki.

Tun daga ranar na gane mutanenmu ba sakaci ne kaɗai ke ɓata musu kiwo ba, wani lokaci ƙauna ce ta yi yawa. Kuma ba a cika kiranmu don kaza kawai ba. In kuka shiga gida, kafin ku kama kazar, ku dubi wanda ke zaune a bakin ƙofa. Abin da yatsunku za su faɗa, a kansa zai sauka.